Yadda Za Ka Fake da Tsohon Girkanci Ka Guje wa Aiken 'Yan Uwa a Guangzhou

Ɗan'uwa ɗalibi, in dai a Guangzhou kake karatu kuma bakinka ya fara juya Sinanci, ba sai na gaya maka halin da kake ciki ba. Wayarka ta zama rijiyar unguwa. Wannan a raka shi kasuwar Shisanhang ya sari rigunan yara, wancan a kira masa masana'anta a ji dalilin da ya sa fulas ɗinsa suka iso ba murfi. Duk wanda ya sauka daga jirgi da lambarka ya sauka, kuma ya san mahaifiyarka.

To kwantar da hankalinka, magani ya samu. Ba a littafi na tsince shi ba, an gwada shi a kan mutum mai rai, wani Shitu ɗan Gwammaja da ke karatun digiri na uku a wata jami'a a nan garin. Na ba ka tabbacin in ka bi matakan nan yadda ya bi su, wayarka za ta yi shiru har ka riƙa dubawa ko caji ne ya ƙare.

Mataki na 1: Zaɓi karatun da ba mai iya yi maka tambaya a kai

Kada ka karanci likitanci, za a nuna maka ƙurji a bakin masallaci. Kada ka karanci injiniyanci, za a turo maka hoton janareto.

Shitu tarihi ya zo karantawa. Wata rana da zafin garin nan ya ishe shi, ya faɗa ajin wata Farfesa Liang saboda ya ji sanyin esi yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofa. Ya zauna a baya da niyyar gyangyaɗi. Sai matar ta haska hoton wani guntun abu a bango, launin ƙasa-ƙasa, bakinsa duk a yage kamar ganyen masarar da akuya ta fara ci ta fasa. Ta ce sunansa fafirus, takarda ce da mutanen da suke yi da wata ciyawar bakin kogin Nilu. Girkawan da suka zauna a Masar sun rubuta waƙoƙinsu da wasanninsu a kai, da suka tsufa aka watsar a juji, rairayi ya rufe, rashin ruwan sama ya hana su ruɓewa. Bayan shekaru wajen dubu biyu aka tono su. Ta nuna wani ɗan ɗigo ta ce a nan alƙalamin marubucin ya bushe, ya sake tsomawa a tawada.

Shitu bai yi gyangyaɗin ba. Sanyi ya shiga sha, ya fito da ciwon da har yau bai warke ba.

Ka lura da kyawun abin. Ainihin takardar da yake aiki a kai tana can Turai cikin gilashi, bai taɓa ko shaƙar ƙurarta ba, hotonta yake karantawa. Wato Bakano ne a China yana karanta Girkancin da aka rubuta a Masar aka ajiye a Turai. Duk wanda ya ji haka sai ya ɗan yi jim ya ce, "Allah Ya ba da sa'a." Wannan jim ɗin shi ne jarinka.

Mataki na 2: Gyara fuska

Buɗe kwamfuta. Ƙara girman hoton har harafi ɗaya ya cika allon. Matso da hanci, karkata kai, runtse ido ɗaya. In an yi sallama kada ka amsa nan take, ɗaga yatsa tukuna kamar mai ƙarasa lazimi.

Masu iya magana ba su ce komai ba a kan wannan, amma da sun zo Guangzhou da sun ce: mai karkataccen wuya ba a aikensa.

Mataki na 3: Mai naci kuwa, yi masa bayani

Akwai waɗanda fuska ba ta korarsu. Na Shitu shi ne Abdoulaziz, mutumin Maradi mai ofishin tura kaya a titin Huanshi Lu, mutum mai kirki da yawan buƙata. Ya taɓa zuwa har ɗakin Shitu da leda cike da lemo.

"Bon, ɗan'uwa, ba daɗewa za mu yi ba. Wani laoban ne, mai kanti, kome na tambaya sai ya ce meyo, meyo, babu. Ni kuwa ga kayan ina gani bayanshi."

Shitu bai ce ba zai je ba. Kada ka taɓa cewa ba za ka je ba, rashin kunya ne. Cewa ya yi, "Yanzu kuwa. Amma zo ka taya ni duba wannan. A ganinka tawada ce ko zaren ciyawar ne?"

Abdoulaziz ya leƙa. "Ƙazanta ce."

"To ai nan gizo ke saƙa. In tawada ce, harafin nan zagaye ne, kalmar ta zama abu kaza. In kuwa zare ne..."

Ya ɗauko masa zancen tun daga yadda ake yanka ciyawar, da yadda ake jera ta a gicciye a danne, da dalilin da ya sa Girkawa ba sa barin fili tsakanin kalmomi, da ra'ayin wani Bajamushe da ya rasu tun kafin a haifi kakanninsu, da martanin da wani Bataliye ya mayar masa. Abdoulaziz ya ɓare lemo ya sha. Ya ɓare wani. Da aka zo kan Bataliyen ya miƙe ya ce ya tuna ya bar ofis a buɗe.

Bai sake zuwa ba. Ya kuma yi maka aikin da ba za ka iya yi wa kanka ba, domin kafin mako ya zagayo duk Xiaobei, unguwar 'yan kasuwarmu, an san cewa wanda ya je wajen Shitu da aike zai dawo da ciwon kai.

Mataki na 4: Kada ka ware kowa

A nan mafi yawan ɗalibai ke faɗuwa. Za ka ce wane ai daban ne. Babu daban.

Na Shitu shi ne Kawu Maidaji, ƙanin mahaifiyarsa, mai shagon yadi a Kantin Kwari, wanda ke zuwa babban baje kolin Pazhou duk bazara da kaka. Shi ya tarbi Shitu ranar da ya fara sauka a garin nan, ya kwantar da shi a masaukinsa, ya saya masa rigar sanyi da ta yi masa yawa, ya nuna masa inda ake samun naman halal. Kawu bai iya Sinanci ba ban da gaisuwa da godiya, Turancinsa kuma na ciniki ne, ba ya wuce farashi da launi. Tun da bakin Shitu ya buɗe, shi ke bin sa rumfa-rumfa.

A kakar bara kuwa wani babban masanin fafirus daga Turai zai biyo ta jami'ar, kuma Farfesa Liang ta sa Shitu ya gabatar da karatunsa a gabansa. Irin mutumin nan ne da in ya gyaɗa maka kai sau ɗaya, ƙofofi za su buɗe. Sai ga wayar Kawu.

"Shitu, na sauka lafiya. Babarka ta ba ni yaji da kilishi in kawo maka. Gobe da safe sai mu kama hanyar Pazhou ko?"

"Kawu, wallahi a wannan karon akwai matsala. Akwai wani harafi..."

"Harafi?"

"Eh, Kawu. Ranar Juma'a zan yi bayaninsa a gaban wani babban malami."

Kawu ya ce, "To ai karatu shi ya kawo ka. Ka tsaya ka yi. Zan lallaɓa da Abdoulaziz. Kilishin fa?"

"Zan zo in karɓa bayan Juma'ar, in sha Allah."

Ka ga yadda ake yi. Ba ƙarya ko ɗaya a ciki. Mafi ingancin uzuri shi ne na gaskiya, sai dai a shimfiɗa shi ya rufe har inda bai kai ba. Shitu ya san da zai iya ba Kawu yini ɗaya bai rasa komai ba. Ya ajiye wayar ya koma kan harafinsa, ya ƙara masa girma.

Mataki na 5: Ji daɗin shirun

Wayar Shitu ta kwanta a kan tebur kamar sabulu. Ba kira, ba saƙon murya, ba hoton takalmi. Ya tsara jawabinsa, ya goge rigarsa, ya yi barci har da mafarki da Girkanci.

Ina taya ka murna. Ka kammala. Abin da ya rage bayani ne kawai na abin da nasara ke jawowa.

Mataki na 6: Ka guji masallacin da aka san ka

Wannan ne kuskuren Shitu. Ranar Juma'ar, da jawabinsa bayan la'asar, ya ce bari ya je masallacin da 'yan kasuwa ke zuwa ya roƙi sa'a. Ana sallamewa ya hangi Abdoulaziz yana saurin saka takalmi, da kwanon sha a leda. Shitu ya yi ƙoƙarin karkata wuya, amma ba kwamfuta a gabansa.

"Ina Kawu? Ban gan shi a sahu ba."

Abdoulaziz ya dube shi sama da ƙasa. "Ba ka ji ba ke nan. Ai yana asibiti. Cikin rumfar masu labule ya faɗi, yana riƙe da ciki."

"Yaushe? Me ya sa ba wanda ya kira ni?"

"Shi ya hana. Ya ce yaron yana da harafi."

Ya ci gaba da bayani suna tafiya, domin Shitu bai san lokacin da ya bi shi ba. Likitoci suna son yin aiki, Kawu ya ƙi. Sinancin Abdoulaziz na kwali da kwantena ne, bai kai cikin mutum ba. Sun gwada fassarar waya, ta ce wa Kawu za a cire masa dutse da jakarsa. Kawu ya rungume jakarsa ya ce ba mai taɓa ta, kuma ba mai yanka shi a ƙasar da bai san me ake cewa a kansa ba. Zazzaɓi kuma sai hawa yake.

A cikin jirgin ƙasa Shitu ya rubuta wa Farfesa Liang saƙo. Ya goge, ya sake rubutawa. Amsarta ta zo gajeriya: baƙon zai tashi da safe, ba za a iya ɗagawa ba, za ta ba wata ɗaliba lokacin, ya je ya kula da kawunsa. Ya karanta, ya sa wayar a aljihu, ya tsaya yana kallon inuwarsa a gilashin ƙofa da gogaggiyar rigarsa.

Mataki na 7: In ka riga ka je, to ka fassara daidai

Ya tarar da Kawu a gado kusa da taga, idonsa ya yi rawaya, leɓensa ya bushe, jakar tana ƙarƙashin hannunsa. Da ya ga Shitu sai ya ɓata rai.

"Wa ya gaya maka? Harafin fa?"

"Yana nan, Kawu. Ba inda za shi."

Likitar ta zo, wata mace mai saurin magana. Shitu ya roƙe ta ta sassauta, ya riƙa ɗaukar zancenta guntu-guntu yana sauke wa Kawu. Tsakuwa ce a matsarmama, ta toshe hanya, wurin ya kumbura. Jakar da ake magana ita ce matsarmamar kanta, ba ta fata ba. Ba tsaga ciki za a yi ba, 'yan ƙananan huji ne. In aka bari, abin zai iya fashewa.

"Tambaye ta, mutum yana rayuwa ba matsarmama?"

Ya tambaya. "Ta ce yana rayuwa, sai dai ya rage maiƙo."

"Har man shanu?"

Ya tambaya. "Ta ce musamman man shanu."

Kawu ya rufe ido ya daɗe. Shitu ya ga hannunsa ya damƙe jakar tamau, mutumin da ke ciniki da masu masana'anta da yatsu kawai yana dariya. Ya kama hannun.

"Kai ka ji da kunnenka? Ba wayar nan ba?"

"Da kunnena, Kawu."

"To ka ce mata bismillah." Ya tura masa jakar. "Kilishinka na ciki. Kada ka ba Abdoulaziz, ya riga ya ci rabonsa."

Aka shiga da shi lokacin da, a can jami'a, wata ɗaliba ke bayani a gaban babban baƙo. Shitu ya zauna a benci da jaka a cinya. Abdoulaziz ya zauna gefensa, can ya miƙo hannu, Shitu ya gutsura masa kilishin. Aiki ya yi kyau.

Mataki na 8: Kada ka karanta wa marar lafiya komai

Kwanakin jinya suna da tsawo. Shitu ya kawo kwamfutarsa ɗakin, yana aiki a gefen gado tsakanin zuwan likita da zuwan magani. Da Kawu ya fara shan kunu sai bakinsa ya dawo.

"Wai ni kam, me takardar nan take cewa? Kwana da kwanaki ana harafi, harafi. Karanta mini."

Shitu ya buɗe baki zai fara daga yadda ake yanka ciyawar. Kawu ya ɗaga hannu. "Abin da ta ce kawai."

Ba wanda ya taɓa tambayarsa haka. Ya gyara zama. Ya ce guntun wasan ban dariya ne, ba a san wanda ya rubuta ba. Wani mutum ne ya dawo daga tafiyar teku, yana tsaye a ƙofar gida yana bugawa. Yana cewa, "Buɗe, ni ne." Sai wurin ya yage. Sai kuma, "...ba saboda kifin ba, na rantse." Sai wata mace daga ciki ta ce, "In kai ne, to ina..."

"Ina me?"

"A nan takardar ta ƙare, Kawu."

"Ta buɗe masa?"

"Ba a sani ba."

Kawu ya yunƙura har ɗinkin ya tuna masa da kansa. "Ba a sani ba? Ka bar mutum a tsaye a ƙofa, ka je kana aunon harafi?"

Hayaniyar ta jawo hankalin maƙwabcin gadonsa, wani tsoho mai suna Fong, da matarsa da ke fere masa tuffa. Matar ta tambayi Shitu ko jikin ne ya tashi. Ya ce a'a, labari ne. Ta ce wane labari? Sai ya juya shi zuwa Sinanci.

Kawu ya ce ai a fili yake, cewa ta yi ina tsarabata. Duk wanda ya taɓa tafiya ya san wannan tambayar. Shitu ya fassara. Matar Fong ta ajiye wuƙa ta ce sam, cewa ta yi ina ka shiga duk shekarun nan, kuma ba ta buɗe ba, ita ma da ita ce ba za ta buɗe ba. Ta faɗa tana kallon mijinta. Tsoho Fong ya ce shi kifin ne ya dame shi, mutum ba ya rantsuwa a kan kifi sai in ya cinye. Shitu ya fassara wa Kawu, Kawu ya yi dariya yana dafe ciki yana salati.

Suka juyo kan Shitu ya yanke hukunci. Ya ƙara girman hoton, ya nuna musu bakin yagewar, inda rabin harafi ya rage. Ya ce in tawada ce wannan, kalmar za ta iya zama zobe. In zare ne, za ta iya zama ɗa.

Matar Fong ta sa tabarau ta matso da hanci. Kawu ya ce a miƙo masa, ya karkata kai, ya runtse ido ɗaya.

"Ɗa," in ji shi a hankali. "To in da ɗansu ya tafi, ya dawo shi kaɗai, ai ba wasan dariya ba ne."

"Shi ya sa nake aunon harafin, Kawu."

Nas ta shigo ta ce su rage murya. Matar Fong ta ba ta labarin a taƙaice. Ta duba allon, ta ce zobe ne, ta auna zafin Kawu ta fita.

Da Shitu ya tashi tafiya da yamma, Kawu ya riƙe masa hannun riga.

"Gobe ka zo da wata takardar. Amma ka duba mai ƙofa a buɗe."

"Duk haka suke, Kawu. A yage."

"To kawo a yagen. Fong ya nuna min da hannu a ajiye masa wuri."

Sanarwa

Mai wannan jagora ba shi da alhakin jawabin da ya wuce ka, ko baƙon da ya tashi bai ji sunanka ba, ko shekarar da za a ƙara maka kafin ka kammala. Ba ruwansa da abin da mahaifiyarka za ta faɗa maka in labari ya isa Gwammaja, kuma zai isa. Duk wanda ya bi matakan nan har ya yi nasara, shi da dattijan gidansu. Wanda kuma ke da ƙorafi ya rubuto shi da tsohon Girkanci, ya binne a rairayi, za a duba in an tono.